Yadda Ake Buɗe Zauren Koyon Dukanci a Damagaram, Maigida Ya Samu, Yara Su Samu

Duk wanda ya tsaya bakin fada ranar hawan salla a Damagaram ya ga aikin dukawa, ko bai kula ba. Rufin sirdi, ragama, kuben takobi, layun da ke lilo a wuyan doki, duk hannun baduku ne. Amma in ka bi sawun kayan nan har zauren da aka ɗinka su, sau da yawa dattijo za ka tarar shi kaɗai, tabarau a hanci, ƴaƴansa suna kan babur suna kabu-kabu. Ba raina gado suka yi ba. Lissafi suka yi, suka ga abin da babur ke kawowa da yamma ya fi na basilla. Don haka duk ƙungiyar unguwa, ko malaman lakwal, ko ɗan kasuwar da ke son raya wannan sana'a, daga nan ya kamata su fara: koyar da gado ba ta ɗorewa sai maigidan da ke koyarwa yana ganin kuɗi a hannunsa, kayan da yara suka ɗinka kuma suna sayuwa. Tsarin da za mu bayyana na zaure guda ne, maigida guda, yara shida zuwa takwas, cikin wata shida.

Dukanci muka zaɓa, ba jima ba, saboda ruwa. Kowa ya san ƙarancin ruwa a Zinder, wato Damagaram, musamman daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, jima kuwa tana shan ruwa tun daga jiƙo har ɗauraya. Baduku buta guda ta ishe shi wuni. Kayan aikinsa gafaka ɗaya ta ɗauke su, ba ruwansa da lantarki, ga majema nan cikin gari. Wanda ke Mirya yana iya ɗora wannan tsarin a kan ginin tukwane.

Maigida da yarjejeniya

Gwanin ɗinki daban, gwanin koyarwa daban. Ku zauna a zauren dukawa uku ko huɗu, kowanne rabin wuni, ku ga yadda yake yi da yaron da ke gabansa. Wanda in yaro ya karkata wuƙa sai ya fizge fatar ya yanka da kansa, komai kyan aikinsa ba zai yaye kowa ba. Wanda ake nema shi ne mai cewa "sake," ya miƙo wani guntu. Ku tambayi kuma inda tsoffin yaransa suke. In akwai biyu ko uku da suka buɗe nasu wurin, har yanzu kuma suna zuwa gaishe shi, kun sami mutuminku.

Kafin a shimfiɗa tabarma, a kai goro wurin mai unguwa da shugaban dukawa. Ranar da wani baduku zai ce kun janye masa yaro ko kun karya masa farashi, su ne za su raba gardamar. Maganar da za ku kai wa maigidan ita ma tana da hanyarta. Kada ku ce kun zo taimakonsa. Ku ce, "Baba, yaranmu muka kawo, ka ba su abin da aka ba ka, kuma ba za mu bari ka yi asarar wuninka ba."

Wannan alkawarin shi ne ginshiƙin aikin, domin lokacin da yake koyarwa ba ya ɗinka nasa. Ku tambaye shi abin da yakan samu a rabin wuni, ku biya shi haka a kowane zama, ana ba shi ƙarshen kowane mako. Kada a ba da kuɗin wata shida gaba ɗaya, kada kuma a ce sai an gama. A rubuta takarda guda gaban shaidu biyu, a sa ranaku da sa'o'i da kuɗi, a sa mai kayan aiki, a kuma sa cewa ba a aiken yara ɗiban ruwa ko kasuwa a lokacin darasi. Abin da ya fi kawo rigima shi ne kayan da yara suka ɗinka, na wane ne. Rabon da ke zaunar da kowa lafiya shi ne a fara cire kuɗin fata da zare a mayar asusu, abin da ya rage a kasa uku: na maigida, na yaron da ya ɗinka, na asusun zaure.

Kuɗin zama kuwa, muna ba da shawarar kada a bai wa yara. Wanda ya zo don a ba shi na mai, ranar da aka daina ba shi ba za ku sake ganinsa ba, kuma ya tare gurbin wanda ke so da gaske. A ba su koko da ƙosai da safe, sauran su jira kasonsu daga abin da hannunsu ya yi.

Yara da lokaci

Dokar aiki ta Nijar ba ta yarda a ɗauki yaro ko da koyon sana'a ba sai ya cika shekara 14, kuma ko ba doka, wuƙar baduku ba ta ƙaramin yaro ba ce. Kowane yaro ya zo da uba ko waliyyi ranar farko. A tabbata an yi masa rigakafin tetanos, tunda huda da yanka ba makawa. In yara sun wuce takwas, maigida ba ya iya ganin hannun kowa, sai a koma kallo maimakon koyo.

Zama uku a mako, kowanne awa uku, ya isa. A fara bayan kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, don wata shidan su faɗa cikin rani: yara sun dawo daga gona, fata kuma ba ta funfuna. In zafin Afrilu ya shigo a mayar da zama tun ƙarfe bakwai na safe. Ƴan makarantar allo suna da Alhamis da Juma'a, ƴan lakwal kuma ƙarshen mako. Ƴan mata a yi musu nasu zaman cikin gida da mace mai koyarwa. A cikin matan Buzaye akwai gwanayen aikin fata da ba a cika tunawa da su ba in ana neman malami.

Kowane yaro a ba shi wuƙar yanka, basilla, allura biyu masu dakusasshen baki, katakon yanka, da ma'aunin ƙarfe na santimita 30. Na tarayya su ne almakashi biyu, dutsen wasa wuƙa, gudumar icce, ƙarfen huda rami, kakin zuma, gam, da kwali na yin samfur. Wuƙaƙe da basilla a ba maƙerin unguwa ya ƙera. Kuɗin ya zauna a gida, kuma in baki ya karye gyara ba ya nisa.

Fata, inda riba da asara suke

Yawancin kayan da mai saye ke dawowa da su, laifin ba na ɗinki ba ne, na fata ne. Shi ya sa sayen fata darasi ne da kansa, kuma da yara ake zuwa majema.

Fatar akuya ta fi ta tunkiya ƙarfi da matsewar fuska, kuma ta jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda wannan. Ita ce ta alabe, gafaka, kube da fuskar takalmi. Fatar tunkiya da rago tana da laushi amma tana miƙewa, wani lokaci har ta rabu biyu kamar takarda, don haka shafi na ciki da matashi su ne wurinta. Ƙirgi, wato fatar shanu, na tafin takalmi ne da maɗauri mai ɗaukar nauyi.

Ga gwajin da kowane yaro zai iya yi a tsaye. Ya fara ɗaga fatar a rana, ya duba ta baya: duk inda haske ya ratso, wuƙar mai fiɗa ta ci wurin, can za ta yage. Sannan ya yanki ɗan ƙarami a wajen wuya, inda ta fi kauri, ya dubi bakin yankan. In launin bagaruwa ya ratsa daga sama har ƙasa, ta jimu. In akwai farin layi ko mai ƙyalli a tsakiya, an tsame ta da wuri, bagaruwa ba ta kai ciki ba. Irin wannan ita ce ke sandarewa da hunturu ta tsage, in damina ta zo kuma ta tashi da wari. Daga nan ya ninka ta huɗu ya matsa da yatsa, fuskar kada ta tsattsage. Ya shafa farin tsumma mai ɗan danshi a kan rinin: in tsumman ya ɗauki ja sosai, haka za ta yi wa farar rigar mai saye ranar salla, kuma ba zai dawo ba. A ƙarshe ya shinshina. Ƙamshin bagaruwa daban yake da warin nama. Wari yana zuwa ne daga kitse da tsokar da ba a kankare ba, ko an bar fatar ta daɗe a ruwan laushi, ko an shafa mata man gyaɗa da ya riga ya lalace. Turare ba ya maganinsa. Araha ba ta ado: a ƙara wa majemi wani abu a kan kowace fata, a ce masa ya bar ta ta ƙara kwana a bagaruwa, ya fi a sayi mai arha a zubar da aikin mako.

Yara su san rini ukun nan na gida ko da za su yi aiki da na kanti. Ja daga karan dafi yake, ana fito da shi da kanwa. In kanwa ta yi yawa, jan sai ya yi duhu, fuskar fata kuma ta yi gautsi. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya da ake shafawa daga baya shi ke buɗe launin. Rawaya daga gangamau take, kuma tana koɗewa a rana, don haka ba a sa ta a abin da zai wuni a waje. Baƙi shi ne kuloko, ruwan da aka jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki. Ƙarfe ne ke haɗuwa da bagaruwar da ke jikin fata ya zama baƙi nan take. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin baƙaƙen ɗigon da ke ɓata jar fata: an ajiye ta da danshi a kan tebur na ƙarfe, ko ƙusa ta taɓa ta, ko an zuba ruwa daga gwangwani mai tsatsa. Tabon ba ya fita da sauƙi. A yi aiki a kan katako ko tabarma, ruwa kuma a kasko ko roba.

Babbar salla dama ce ga asusun zaure. Fatun layya da yawa lalacewa suke yi don an yar da su a rana ko an bar su sun kwana ba gishiri. A yi magana da magidanta tun kafin salla, a tanadi gishiri. Cikin ƴan awoyi bayan fiɗa a shimfiɗa fatar, gashi a ƙasa, a kankare kitse, a barbaɗa gishiri wajen rabin nauyinta har gefe-gefe, a ninke a ajiye a inuwa. Fatar da aka shanya a ƙasa cikin zafin rana dahuwa take yi, in ta shiga ruwan jiƙo sai ta ruɓe. A kai wa majemi, a yi musaya da jemammu. Fatar dabbar da ta mutu da kanta kuwa kada yaro ya taɓa ta, tana iya ɗauke da cuta mai kama mutum.

Abin da za a koya, wata bayan wata

Makon farko wasa wuƙa ne kawai da yankan kwali. Yara ba sa son sa, amma dakusasshiyar wuƙa ita ke zamewa ta shiga yatsa, tunda sai an danna ta da ƙarfi. Sauran watan farko a kan guntayen da maigida ke zubarwa ake yi: yanka a miƙe, fiƙe baki don ya ninku, huda, da ɗinkin allura biyu. Tazarar rami milimita 3 zuwa 4, nisansa da baki shi ma haka. In ramin ya matsa baki sosai zare zai yaga fatar, in ya yi nisa bakin zai buɗe kamar littafi. Zare a goga masa kaki kafin a zura.

Wata na biyu, rufin laya da maratayin mabuɗi, abubuwan da in sun ɓaci asarar ba ta da zafi. Wata na uku jakar waya da alabe, kuma a nan ake shigo da samfur. Dukawa da yawa da ido suke yanka, kuma idon gwani ba ya kuskure sosai, amma mai odar guda hamsin yana son hamsin ɗin su zama ɗaya. A yanka samfurin kowane yanki a kwali mai kauri, a rubuta sunansa da awonsa. Katin banki santimita 8.5 ne da 5.4, don haka aljihunsa sai ya kai 9.5, in ba haka ba ɗinki ya cinye wurin. Wurin kuɗi a auna shi da takardar jaka goma, a ƙara santimita guda. Takardar ofis 21 ce da 29.7, jakarta ta ciki kada ta gaza 24 da 33. Maɗauri da hannun jaka a yanke su tare da tsawon gadon baya, inda fata ba ta miƙewa. Gefen ciki a bar shi don shafi. Gam a shafa shi siriri a fuska biyu, a jira kamar minti goma har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga. A yi wannan a bakin ƙofa, tururinsa yana sa ciwon kai.

Wata na huɗu ado ne: zane da kuloko, fere fuskar fata don farin da ke ƙarƙashi ya fito, ɗora launi kan launi, da tuntu. Wata na biyar da na shida aikin oda ne na gaske, da ranar bayarwa.

Ranar Birni

Wuni ɗaya a kowane wata a rufe zaure a fita. Wannan ne ke raba koyon gado da koyon ɗinki kawai, kuma shi ne ke bai wa kayan abin da na kanti ba su da shi.

A fara da Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarki take, da izinin fada da na masu gidaje. Yara su tafi da takarda da fensir, kowa ya zaɓi fuskar gida ɗaya ya zana abin da ke kanta: dagi, zankwaye, layukan da suka kewaye ƙofar zaure. Zana da hannu ya fi ɗaukar hoto, domin sai yaro ya bi layin dagi da fensir yake gane inda ya bi ta sama da inda ya bi ta ƙasa. A nemi tsohon magini ya faɗi sunan kowane zane, a biya shi ladan bakinsa kamar yadda ake biyan maigida. A tsaya wurin ragowar ganuwa a ba su labarin Sarki Tanimu, wanda a zamaninsa, har rasuwarsa a 1884, Damagaram ta yi ƙarfin da ta yi. Wani watan a je Zango, a nuna musu cewa sunan unguwar daga masaukin ayari ya samo asali, kuma jemammun fatu suna cikin kayan da raƙuma ke ɗauka su ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Su ji cewa Faransawa sun kama garin a 1899, daga baya ya zama babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926 da aka mayar Yamai, kuma tun 2006 Birni da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Yaron da ya san wannan ba ya sunkuyar da kai in an ce masa baduku.

Washegari kowa ya rage zanensa ya shiga murabba'i na santimita 6 da 6, ya gwada shi a guntun fata. Zanen bango yana da layuka da yawa, fata ba ta ɗaukar su duka, sai an rage. Tsoffin kayan da ke gidajen dattawa, zabira, tandu, burgami, tsohuwar gafaka, a roƙi a gani, a auna, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a rubuta sunan abin da na kowane ɓangarensa yadda mai shi ya faɗa, a mayar masa a ranar. Kada a karɓi aron kwana, nan amana ke lalacewa. In maigida ya ce wani zane na gidan sarauta ne ko sirrin gidansu ne, a bar shi. Littafin zanen nan na zaure ne, a ajiye kwafi biyu a wuri biyu.

Farashi da littafin kuɗi

Dukawa da yawa ba sa sa ladan hannunsu a lissafi. In an mayar da kuɗin fata an sami na cefane, sai a ce an ci riba. Ga misalin lissafin alabe guda, ku sauya lambobin da farashin ranar. A ce jemammiyar fatar akuya sefa 3,000 ce kuma ta ba da alabe huɗu, kowanne ya ci 750. Zare, gam da shafi 350. Ladan aikin awa uku 1,000. Cin kayan aiki, haya da abin da ke ɓaci 300. Ya zama 2,400, kuma ƙasa da haka asara ce ko da kuɗi ya shigo hannu. Mai sari a ba shi 2,900, mai sayen ɗaya 3,500. In kasuwa ta ƙi wannan farashin, a rage ado ko a sauya abin da ake yi, kada a rage ladan hannu.

Littafi a rubuta shi da lambar sefa, ba da dala ba. Wannan ƙaramin abu yana raba abokai. Yaro ya dawo daga kasuwa ya ce ya sayar "ɗari biyar," yana nufin dala, wato 2,500, mai rubutu ya sa 500, ƙarshen wata kuɗi da littafi su ƙi haɗuwa, a fara zargin juna. Shafin hagu shiga, na dama fita, yara biyu suna riƙe shi bi da bi kowane mako, a ƙirga kuɗi gaban kowa ranar da aka tsayar. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe akwati daban. Mai saye daga Kano ko Daura a faɗa masa farashi da sefa, shi ya ji da canjin naira.

Bashi shi ne ke kashe irin wannan zaure, kuma daga dangi yake fitowa: kawu ya ɗauki takalmi, gwaggo ta ɗauki jaka, "sai an jima." Yaro ba ya iya hana kawunsa. Don haka a sa dokar a bakin zaure, yaro ya ce, "Kawu, ba nawa ba ne, na asusu ne, sai an rubuta."

Kasuwa

Kasuwar farko ita ce ta kusa: gafaka ga almajirai da malamai, jakar waya, takalman yara na salla, gyaran kayan doki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan salla a gama su tun kafin azumi ya raba. Ranar Alhamis yara biyu su fita kasuwar Dole da kaya, su dawo su faɗi abin da mutane suka ɗaga suka ajiye da dalilin ajiyewar. Wannan bayanin ya fi cinikin ranar amfani.

Ta biyu ita ce ofisoshi, makarantu da masu shirya taro, waɗanda ke raba jakar takardu. Oda guda ta jaka talatin tana iya riƙe zaure wata biyu, kuma tun wata na uku ya kamata a fara nemanta. A ɗinka samfuri biyu iri ɗaya, mai oda ya sa hannu a bayan ɗaya ya bar muku, ya riƙe ɗaya. A karɓi rabin kuɗi kafin a yanka fata. Fatun oda ɗaya a saye su rini ɗaya rana ɗaya, domin jan wannan mako da na wancan ba sa zama daidai. Ranar bayarwa a ƙara mako guda a kan abin da maigida ya faɗa, saboda rasuwa da suna da biki ba sa sanarwa.

Ta nesa ta waya ake yi. Hoto a ɗauke shi da safe a inuwa, a kan tabarma marar zane, gaba da baya da ciki, a rubuta awo da farashi a sa a WhatsApp. Kuɗi su shigo ta Nita ko Amana kafin kaya su hau mota zuwa Yamai. A naɗe su da takarda cikin kwali, ba leda ba, domin fata tana gumi a leda ta yi funfuna. Haka ma ajiyar damina: a kan katako sama da ƙasa, inda iska ke ratsawa, ana fito da su inuwa duk mako.

In zaure ya shekara yana tafiya, a yi masa rajista. Dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai daidaita dokokin kasuwanci wadda Nijar ke ciki, ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiya. Takardar ita ke buɗe ƙofar asusun banki, odar ma'aikatu, neman tallafin FAFPA, asusun gwamnati na koyon sana'a, da rumfa a baje-kolin SAFEM na Yamai ga mata. Amma kada a fara da ita. Ƙungiyar da aka kafa don jiran tallafi kafin a sayar da alabe ko guda, takarda ce kawai. Jarin farko ya fi kyau ya fito daga asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a yankin Maraɗi a 1991: zubi kowane mako, rance ƙarami, biya a gaban kowa.

Yaye

Ƙarshen wata shida kowane yaro ya zaɓi fata da kansa a majema, ya ɗinka abu ɗaya daga samfur har gamawa ba wanda ya taɓa masa, ya faɗi farashinsa da yadda ya kai ga lambar, ya kuma faɗi sunan zanen da ya sa da gidan da ya gano shi. Wani baduku daga waje shi zai duba, ba maigida ba. Wanda ya ci a bar masa kayan aikin da ya koya da su, a ba shi fata uku rance daga asusu, ya biya bayan ya sayar. Kada a sallame shi nan take: wata shida suna ba da hannu, ba sa ba da masu saye, kuma yaron da aka sallama da takardar shaida kawai babur zai koma. A bar masa gefen tabarma a zauren wata uku ko fiye, yana karɓar wani ɓangare na oda. Biyu daga cikinsu da suka fi haƙuri a riƙe su da ɗan lada, su ne za su zauna da sababbin yara a makon wasa wuƙa in kaka ta zagayo.